Tayar bazara ko ta hunturu: Yadda dokokin Turai ke sauya lissafin masu motocin gudu

Da zarar watan Oktoba ya kama, shagunan sauya taya a Jamus sukan cika maƙil. Jamusawa suna da wata ƙa'ida da suka gada wadda suke kira "daga O zuwa O", wato a sa wa mota tayoyin hunturu daga Oktoba har zuwa bikin Ista, wanda sunansa a harshensu yake farawa da harafin O.

Ga mai ƙaramar motar zuwa aiki, wannan hidima ce ta awa ɗaya. Amma ga mai motar gudu irin su Porsche 911 ko BMW M4 ko Chevrolet Corvette, lamarin ya wuce haka. Tayoyin da irin waɗannan motoci suke fitowa da su an ƙera su ne domin kwalta mai ɗumi, kuma sanyi mai tsanani yana iya lalata su ko da motar tana ajiye.

Saboda haka kowace shekara mai motar yana da zaɓi uku: ya sayi wasu tayoyin na hunturu, ko ya nemi tayar da ke aiki a kowane yanayi, ko kuma ya kulle motar a gareji har sanyi ya wuce. Sauye-sauyen dokoki da aka yi a Turai tun daga 2024 sun ƙara wa wannan zaɓi nauyi.

Me dokar ta ce?

Dokar Jamus ba ta yanke wata rana da za a sauya taya ba. Abin da ta ce shi ne, idan akwai ƙanƙara ko dusar ƙanƙara ko santsin raɓa da ta daskare a kan titi, ba a yarda mota ta fita ba sai da tayoyin hunturu.

Abin da ya sauya shi ne ma'anar tayar hunturun kanta. A da, duk tayar da ke ɗauke da haruffan M+S, masu nufin laka da dusar ƙanƙara, ta wadatar. Matsalar ita ce kamfani ne kawai yake buga wannan alama a jikin tayarsa, ba tare da an tilasta masa wani gwaji ba.

Daga 1 ga Janairun 2018 aka wajabta wa sababbin tayoyin hunturu wata alama dabam: hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Taya ba ta samun wannan alama sai ta ci gwaji a kan dusar ƙanƙara. An bai wa tsofaffin tayoyin M+S wa'adi, wanda ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2024. Tun daga 1 ga Oktoban wannan shekarar, taya mai M+S kaɗai ba ta shiga lissafin tayar hunturu a Jamus.

Direban da aka kama yana biyan tarar yuro 60, a kuma rubuta masa maki ɗaya a kundin masu laifin tuƙi da ke garin Flensburg. Tarar tana hawa zuwa yuro 120 idan ya haddasa haɗari. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne kamfanin inshora yana iya rage kuɗin da zai biya idan ya ga akwai ganganci, kuma gyaran motar gudu ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Faransa ma ta bi wannan hanya. A yankunanta masu tsaunuka, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris dole mota ta kasance da tayoyin hunturu ko kuma ta ɗauki sarƙar da ake ɗaura wa taya, kuma tun daga Nuwamban 2024 alamar dutsen ce kaɗai ake karɓa. A lardin Quebec na Kanada kuwa babu batun jiran yanayi: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris wajibi ne, ko an yi dusar ƙanƙara ko ba a yi ba.

Me ya sa sanyi ke karya lagon tayar gudu?

Duk ƙarfin injin mota da kaifin birkinta suna isa ƙasa ne ta wurare huɗu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Riƙon da taya take yi wa kwalta ya dogara ne da laushin robarta, domin sai ta yi laushi take shiga ƙananan ramukan da ke jikin kwaltar ta kama su.

Robar tayar gudu an haɗa ta ne yadda za ta yi laushi daidai idan ta ɗauki zafi, ta kuma jure wa gudu mai yawa ba tare da ta narke ba. Idan sanyi ya sauka sai ta sandare, ta koma kusan kamar robar bokiti. Kamfanonin taya sukan ba da digiri 7 na ma'aunin Selshiyos a matsayin iyaka: idan yanayi ya daɗe a ƙasa da haka, tayar hunturu ta fara fin ta bazara amfani, musamman a jiƙaƙƙen titi.

Tayar hunturu kuwa robarta ba ta sandarewa da wuri, zanenta yana da zurfi, kuma an tsattsaga shi da ɗaruruwan siraran layuka da ke cizon dusar ƙanƙara. Tayar gudu ba ta da waɗannan. Zanenta manyan faffaɗan layuka ne, domin roba mai yawa ta taɓa ƙasa.

Abin ya fi muni ga motar gudu saboda dalilai biyu. Na farko, yawancinsu tayoyin baya ne ke tura su, kuma ƙarfin injin yana da yawa, don haka taɓa totur kaɗan ya isa ya sa bayan motar ya zame. Na biyu, na'urorin da ke hana mota zamewa da masu hana birki cijewa ba sa ƙirƙirar riƙo, wanda ake da shi kawai suke sarrafawa. Haka ma motar da duk tayoyinta huɗu ke ja: tana iya tashi da sauƙi a kan dusar ƙanƙara, amma wajen tsayawa ba ta fi sauran ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta buƙatar tuƙi. Kamfanin General Motors ya rubuta a littafin jagorar motocinsa masu gudu cewa irin waɗannan tayoyi suna iya tsattsagewa idan sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili. Shawararsa ita ce idan sun sha irin wannan sanyi, a bar su a wuri mai ɗumin aƙalla digiri 5 na tsawon awa 24 kafin a sa su ko a motsa motar. Tayar da ta tsage ba ta gyaruwa, sai dai a sake ta.

Ba kowace tayar gudu ce ta titi ba

Ko a cikin tayoyin bazara akwai hawa-hawa, kuma nan ne masu sababbin motoci suka fi yin kuskure.

Rukuni na farko su ne waɗanda aka yi domin titi, irin su Michelin Pilot Sport 4S da Continental SportContact 7 da Pirelli P Zero. Suna riƙe busasshen titi sosai, suna kuma da isassun hanyoyin fitar da ruwa.

Rukuni na biyu su ne waɗanda aka yi domin filin tsere amma doka ta yarda a hau titi da su, kamar Michelin Pilot Sport Cup 2. Zanensu ba shi da zurfi tun daga shago, ba sa nuna ƙwazonsu sai sun ɗauki zafi, kuma idan ruwa ya kwanta a titi suna saurin tashi su yi iyo a kansa. A ma'aunin jure wa cinyewa da ake bugawa a jikin tayoyin da ake sayarwa a Amurka, Pilot Sport 4S yawanci tana ɗauke da 300, ita kuwa Cup 2 ta asali 180. Lambar ba ta faɗin kilomita nawa taya za ta yi, amma tana nuna wadda za ta riga ƙarewa.

Mutumin da motarsa ba ta wuce zuwa ofis da yawon ƙarshen mako ba, da wuya ya kai tayar filin tsere zafin da take buƙata ba tare da ya karya dokar gudu ba. Ke nan ya biya kuɗi mai yawa domin wani amfani da ba zai gani ba, ya kuma rasa wanda yake buƙata ranar da aka yi ruwa da sassafe.

Rukuni na uku su ne tayoyin kowane yanayi. Chevrolet ma da irinsu yake fitar da Corvette Stingray ta yau da kullum, sai wanda ya biya ƙarin kayan gudu na Z51 ake sa wa tayoyin bazara. Sai dai a nan akwai tarko: da yawa daga cikin tayoyin kowane yanayi da ake sayarwa a Amurka M+S kaɗai gare su, don haka a idon dokar Jamus ta yanzu ba tayoyin hunturu ba ne. Waɗanda ke da alamar dutsen, irin su Michelin CrossClimate, doka ta karɓe su, amma a bazara ba sa kai tayar gudu kaifi a kwana da birki.

Abin da ke rubuce a gefen taya

Kusan duk bayanin da mai saye yake buƙata yana jikin tayar. Idan aka ga 245/35 R19, faɗinta milimita 245 ne, tsayin gefenta kashi 35 cikin 100 na faɗin, kuma tana hawa wili mai inci 19.

Harafin da ke biye yana nuna iyakar gudun da za ta jure: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y kuwa 300. Tayoyin hunturu sau da yawa harafinsu yana ƙasa da na motar. Jamus ta yarda da hakan, da sharaɗin a manna takarda ko a saita gargaɗi a gaban direba da ke tuna masa iyakar.

Akwai kuma alamar da ke nuna an ƙera tayar ne musamman domin wani kamfanin mota: harafin N na Porsche ne, tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi. Tayoyi biyu masu suna ɗaya da girma ɗaya suna iya bambanta a haɗin roba idan alamominsu sun bambanta, shi ya sa ba a son a gauraya su a mota ɗaya.

Tun daga 1 ga Mayun 2021, takardar da Tarayyar Turai ta wajabta a manna wa sabuwar taya tana ba da maki daga A zuwa E a kan shan mai da kuma riƙo a jiƙaƙƙen titi. Ga motar da ke yawo a titi, makin jiƙaƙƙen titi ya fi duk wani tallan filin tsere muhimmanci.

Idan aka zaɓi kulle motar

Masu motocin gudu da yawa sun gwammace su ajiye su gaba ɗaya. Ba taya kaɗai suke gudu ba, har da gishirin da ake watsawa a tituna domin narkar da ƙanƙara, wanda ke cin ƙarfen ƙarƙashin mota.

Hukumomi ma sun tanadi hanya. A Jamus ana iya karɓar lambar mota ta wani yanki na shekara, daga wata biyu zuwa wata 11. Lamba mai ɗauke da 04 da 10 tana nufin motar za ta yi aiki daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma harajin waɗannan watanni kaɗai ake biya. A sauran watannin ba a yarda ko a ajiye ta a gefen titin gwamnati ba. A Birtaniya ma mai mota yana iya sanar da hukuma cewa ya janye ta daga titi, a dakatar da harajinta.

Amma ajiya ma tana da nata ɗawainiyar. Motar da ta yi watanni a wuri ɗaya, ɓangaren tayar da ke ƙasa yakan baje, sai ta riƙa kakkarwa idan aka dawo tuƙi. Galibi yakan warware bayan tayar ta ɗauki zafi, amma idan iskar ta yi ƙasa sosai yana iya zama na dindindin. Iska kuwa tana raguwa da kanta a sanyi, kusan psi ɗaya a duk saukar digiri 5 zuwa 6. Shi ya sa ake ƙara wa tayoyin iska fiye da yadda aka saba, ba tare da an wuce iyakar da ke rubuce a gefensu ba, a kuma riƙa ɗan gusa motar lokaci-lokaci idan garejin ba shi da tsananin sanyi.

Idan garejin yana daskarewa, abin da ya fi shi ne a cire tayoyin masu tsada a kai su wuri mai ɗumi, a ɗora motar a kan wasu tsofaffi. Tayar da ke kan wilinta ana jibge ta a kwance ko a rataye ta. Wadda ba ta kan wili ana tsayar da ita ne, a riƙa juya ta. Dukansu ba sa son rana, ba sa son mai ko fetur, ba sa kuma son zama kusa da injinan lantarki, saboda iskar ozon da suke fitarwa tana tsofar da roba. Wannan ne ya haifar da sana'ar da ake kira otel ɗin taya, inda shaguna ke ajiye wa mutane tayoyinsu har kakar ta zagayo.

Sauran hidimar motar sananniya ce: a wanke ta ta bushe, a cika tanki domin rage taruwar danshi, a haɗa batir da ƙaramar caja mai kula da shi, a saki birkin hannu don kada ya manne a sa waigi, a kuma toshe kafofin da ɓeraye za su shiga su ci wayoyi.

Zane na nan, amma taya ta tsufa

Motar da ke aiki wata bakwai a shekara, kuma ba kullum ba, tayoyinta sukan tsufa kafin su suɗe. Ido zai ga zane cif-cif, alhali robar ta bushe ta rasa riƙonta.

Shekarun taya suna rubuce a lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan aka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya ga ƙwararre duk shekara idan ta kai shekara biyar tana aiki, kuma a cire ta idan ta kai shekara 10, ko da zanenta yana nan.

Misalin da aka fi tunawa shi ne haɗarin da ya kashe ɗan wasan fim Paul Walker da abokinsa Roger Rodas ranar 30 ga Nuwamban 2013 a Santa Clarita da ke jihar Kalifoniya. Masu bincike sun ɗora alhakin a kan gudun wuce kima, amma sun kuma gano cewa motar, Porsche Carrera GT wadda ba a cika hawa ba, tana ɗauke da tayoyin da suka kai kimanin shekara tara.

Ina tayoyin da aka cire suke zuwa?

A nan ne batun ya taɓa Najeriya da maƙwabtanta. Tun bayan da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a ƙasar a 2008, kasuwar ta dogara ne kacokan a kan na waje. Duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su, tayoyin gwanjo ba su ɓace daga kasuwanni ba, kuma a cikinsu akan ga masu alamar M+S ko hoton dutsen.

Irin waɗannan suna da saurin jan hankalin mai saye, domin zanensu yana da zurfi. Doka a Jamus milimita 1.6 ta nema, amma ƙungiyar masu motoci ta ADAC tana ba da shawarar a cire tayar hunturu tun tana da milimita huɗu, don haka da yawansu suna barin Turai da sauran kyan gani.

Sai dai araha ba ta ado. Robar da aka haɗa domin ta yi laushi a ƙanƙara, idan ta hau kwaltar Kano ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, laushinta yakan yi yawa. Tana saurin cinyewa, birki yana ƙara nisa, kuma tana tara zafi a doguwar tafiya. Idan aka haɗa da tsufa da lodi da ƙarancin iska, haɗarin fashewa yana ƙaruwa. Sanyin hunturun Kano ko na Jos ba ya kawo ƙanƙara a titi, don haka babu wani wata a shekara da tayar take da amfanin da aka yi ta dominsa.

Fashewar taya na cikin abubuwan da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ambata a haɗarin da ya yi ajalin ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris ɗin 2016, kuma hukumar ta sha gargaɗi kan tayoyin da suka tsufa.

Me ke tafe?

Dokokin ba su tsaya nan ba. Tun daga Yulin 2024, sababbin nau'o'in tayoyi a Turai sai sun ci gwajin birki a jiƙaƙƙen titi ko da sun cinye, ba wai suna sababbi kaɗai ba. Dokar Euro 7 kuma, wadda aka amince da ita a 2024, za ta sanya iyaka a karon farko kan yawan ɓurɓushin roba da taya ke zubarwa a titi, inda ake sa ran fara aiki da ita kan tayoyin ƙananan motoci daga 2028.

Wannan zai matsa wa masu ƙera tayoyin gudu, domin laushin da ke ba su riƙo shi ne ke sa su saurin cinyewa.

Ga mai motar kuwa, lissafin bai sauya ba. Wanda zai tuƙa ta a sanyi yana buƙatar tayoyi huɗu masu alamar dutse. Wanda zai kulle ta yana buƙatar wuri mai ɗumi da kuma duba lambar DOT kafin ya fito da ita a bazara. Mai saye a ƙasa mai zafi kuma, idan ya ga hoton dutse da dusar ƙanƙara a gefen tayar gwanjo, ya san ba don titinsa aka yi ta ba.